Yadda na bi sawun Majalisar Dattawan Biyafara, daga akwatin ƙarfe zuwa Kalaba

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A zaman majalisar gundumarmu na farkon bara, ni ne na ɗaga hannu na ce muna da ƙananan majami'u a ƙauyuka inda ake sujada da Hausa zalla, amma babu ko warƙa ɗaya da Hausa da za ta faɗa wa mutanen nan daga ina cocin da suka shiga ya fito. Ban gama gyara zama ba wani dattijo ya miƙe ya ce a ɗora wa mai maganar aikin. Wani ya mara masa baya. Mai jagorantar zama ya tambaya ko akwai mai ja, aka yi tsit, akawu ya duƙa ya rubuta. A cocin Firesbitariyan kuwa, abin da akawu ya rubuta ya zauna ke nan. Wata shida aka ba ni.

Ni ba haifaffen wannan coci ba ne. A cocin ECWA na tashi, a wani ƙauye na ƙasar Zazzau, kuma Hausa na koyar a sakandare har na yi ritaya. Aure ne ya kawo ni. Matata 'yar Ohafia ce, su kuwa mutanen Ohafia da Firesbitariyan sai ka ce Bakano da kasuwa. Na daɗe ina zama a bencin baya kafin jama'a su zaɓe ni dattijo, saboda haka ranar da aka ba ni aikin nan abin da na sani game da tarihin cocin bai wuce abin da kowa ya sani ba: wata Baturiya mai suna Mary Slessor ta hana kashe tagwaye a Kalaba. Shi ke nan.

Ga wanda bai san tsarin ba, sunan cocin ma ya faɗi komai. Daga kalmar Helenanci ya fito, wadda ke nufin dattijo. Babu bishop a sama mai cewa a yi a bari. Kowace ikilisiya fasto ne da zaɓaɓɓun dattawa ke zama su yanke magana. Ikilisiyoyin yanki guda su aika fastocinsu da wakilan dattawansu zuwa majalisar da ake kira firesbitari, wadda ni nake ce wa majalisar gunduma, don ita ce daidai da DCC a wurin 'yan ECWA. Ita ce ke naɗa fasto, ita ke sauraron ƙarar da ta fi ƙarfin ikilisiya, ita ke duba littattafan kowace ikilisiya. Samanta akwai sinod, saman sinod akwai Babban Taro. Ƙuri'ar dattijo manomi da ta Rabaran mai digiri uku nauyinsu ɗaya.

Na fara da abin da ke kusa. Akawun ikilisiyarmu ya kai ni wani ɗan ɗaki bayan ofishin fasto, inda ake ajiye karyayyun kujeru da gangunan zumuntar mata, ya jawo wani akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana. Da muka buɗe, gara ta riga mu. Ta cinye rijistar baftisma guda ɗaya tas, sai bango kawai ta bari. Amma littattafan bayanin zaman dattawa sun tsira, domin wani mai hankali ya taɓa naɗe su cikin leda. Na kwashe su zuwa gida, na yi mako uku ina karatu da daddare, tabarau a hanci, matata na tsokanata wai na koma ɗalibi da furfura.

Wanda bai taɓa karanta irin waɗannan littattafai ba zai zaci akwai manyan maganganu a ciki. Ina! Kuɗin kananzir ne, da gyaran kwano, da wane ya daina zuwa sujada a aika dattawa biyu su gaishe shi, da wance da mijinta an sasanta su. Littafi mafi tsufa ya fara ne 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, kuma sunayen da ke ciki duk na mutanen gabas ne: akawuna, ma'aikatan reluwe, malaman asibiti, masu shaguna. Daga nan na fahimci abu na farko. Ba 'yan mishan ne suka kawo wannan coci arewa ba, kamar yadda ƙungiyoyin mishan na SIM da SUM suka shigo suka kafa tashoshi. Ma'aikata ne suka taho da shi cikin kayansu, suka fara taruwa a falon wani, har suka yi yawa.

Sai na iso wani shafi na damina ta 1966. Magana ta ƙarshe a kai ita ce a nemo kafinta ya duba benci biyu da ke rawa. Rabin shafin da ya rage fari fat. Na juya. Shafi na gaba da wani hannu aka rubuta shi, da wata tawada, kwanan watan kuma bayan ƙarshen yaƙin basasa ne. Layin farko ya ce an buɗe da addu'a. Layi na biyu ya ce an karanta bayanin zaman da ya gabata, an amince da shi. Zaman da ya gabata! Shekara kusan huɗu tsakani, an kashe mutane, an gudu, an yi yaƙi, an dawo, amma akawun bai rubuta ko kalma ɗaya a kan haka ba. Ya ɗora daga inda aka tsaya, har da maganar benci. Na rufe littafin na fita waje na daɗe a tsaye.

Washegari na je wurin Mama, mafi tsufa a ikilisiyarmu, tsohuwar ungozoma ce wadda Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Na tambaye ta yadda littafin ya tsira. Ta ce, "Malam, ai ba mu muka ɗauke shi ba. Ranar da muka tafi tasha, wa yake ta littafi?" Wani tela ne Musulmi, maƙwabcin akawun wancan lokaci, aka bar wa akwatin tare da keken ɗinki da 'yan kwanuka. Ya tura shi ƙarƙashin gado. Da suka dawo ya fito da shi yadda aka ba shi, kwaɗon ma bai taɓa ba. Na ce, Mama, me ya sa ba a rubuta wannan ba? Ta dube ni ta ce, "Ɗana, wanda ya dawo da rai ba rubutu ne a gabansa ba."

Wannan ya ba ni tarihin reshe. Saura tushe, shi kuwa yana Kalaba. Gani ya kori ji, sai na shirya. Na bi ta Lafiya da Makurdi, muka ratsa ƙasar Tibi zuwa Ogoja, Ikom, Ugep, muka shiga Kalaba da duhu, ƙugu kamar ba nawa ba. A Bogobiri na sauka, unguwar Hausawa, domin da ɗan gari akan ci gari, kuma nan ne na san zan sami shayi da burodi da wanda zan yi wa magana ba tare da na murɗe harshe ba. Mai shayin da ya ji abin da ya kawo ni ya yi dariya, ya ce shekarunsa da yawa a garin yana wuce gunkin Baturiyar nan mai riƙe da tagwaye a shataletale, bai taɓa ganin Bahaushe ya yi tattaki dominta ba.

Fastonmu ya haɗa ni da wani Rabaran da ya yi ritaya, ɗan ƙabilar Efik ta Kalaba ne, ya tsufa ƙwarai amma kansa garau. Da na gaishe shi na ce, Baba, na zo neman tarihin cocin da Mary Slessor ta kafa, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce in zauna tukuna. Ya sa jikansa ya ɗauko wasu kwafe-kwafen tsofaffin littattafai, ciki har da na tarihin rayuwar Hope Waddell da aka buga a 1863 da na Hugh Goldie na 1890. Ya ce lokacin da Slessor ta sauka Kalaba a 1876, mishan ɗin ya shekara talatin, majalisar dattawansa ta shekara goma sha takwas, har ma an riga an naɗa baƙar fata fasto. Na ji kunya, na kuwa ciro biro.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne farkon maganar ba a Sikotlan take ba, a Jamaika take. Bayan an 'yanta bayi a can gaba ɗaya a 1838, sai majalisar dattawan mishan ta Jamaika ta zauna a 1841 a wani wuri da ake kira Goshen, ta yanke shawarar a kai bishara ƙasar da aka kwaso kakannin mutanensu. Wato wata majalisar gunduma ce ta haifi tamu. A ɗaya gefen kuma, sarakunan Kalaba, Eyamba na Biyar na Duke Town da Eyo Honesty na Biyu na Creek Town, sun aika wa Turawa takarda suna neman wanda zai koya wa yaransu karatu, ya kuma nuna musu noman auduga da kofi da yin sukari, tun da cinikin bayi ya mutu, manja ya maye gurbinsa. Kowa da abin da yake nema. Ranar 10 ga Afrilu 1846 jirgin ruwa mai suna Warree ya sauke Hope Waddell, mutumin Ailan da ya daɗe yana aiki a Jamaika, tare da Samuel Edgerley mai aikin ɗab'i da matarsa, da 'yan Jamaika baƙaƙe irin su Andrew Chisholm da Edward Miller. Na ja layi a ƙarƙashin sunayen nan biyu, domin a hotunan da muke gani a kalanda fararen fata kawai ake sakawa. Goldie ya biyo baya a 1847, William Anderson a 1849.

Shekara bakwai suka yi ba su yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Na farko shi ne Esien Esien Ukpabio, a 1853, a Creek Town, ɗan Sarki Eyo kuma ya biyo bayansa ba da daɗewa ba. Shi Sarki Eyo kansa ya ba su fili, yana ma yi musu tafinta wani lokaci, amma har ya rasu bai karɓi baftisma ba. A tsakanin nan aka sami dokar 1850 wadda Ekpe, ƙungiyar asiri ta manyan garin, ta kafa ta hana kashe bayi don rakiyar manya zuwa kabari. Na lura ba Turawan ne suka kafa dokar ba, matsa lamba suka yi, masu garin suka buga gangarsu suka shelanta.

Akwai wuraren da labarin ba ya da daɗin ji, kuma Baba Rabaran bai ɓoye mini ba. A 1855 jirgin yaƙin Ingila ya yi wa Old Town, ɗaya daga garuruwan Kalaba, ruwan wuta ya rushe shi, kan zargin karya dokar nan, kuma har yau ana muhawara kan hannun 'yan mishan a ciki. Sannan ga batun masu bayi da ke son shiga coci. A Kalaba ta lokacin kusan duk mai hali yana da bayi. Aka yi ta ja-in-ja har Sikotlan, daga ƙarshe aka ce a karɓe su in sun sa hannu cewa za su riƙe mutanen a matsayin barori, ba dukiya ba, ba kuma za su sayar da su ba. Ni dai a ganina wannan rufa-rufa ce, amma ban zauna a Duke Town ta wancan zamani ba, kuma mu da muka fito daga ƙasar da aka yi rinji da cucanawa ba mu da bakin yi wa wani gori.

Sai muka zo kan ainihin abin da ya kawo ni. Ranar 1 ga Satumba 1858 'yan mishan da dattawan ikilisiyoyin da aka samu suka kafa majalisar gundumarsu. Baba Rabaran ya ɗora yatsa a kan sunan, ya zuba mini ido yana jira. Firesbitari na Biyafara.

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Duk ɗan arewa mai shekaruna ya san abin da kalmar nan ke tayarwa. Ya yi murmushi ya ce in lissafa. Daga 1858 zuwa 30 ga Mayu 1967, ranar da Ojukwu ya yi shelar ɓallewa, shekara 109 ke nan. Lokacin da aka kafa majalisar nan Aliyu Babba ne Sarkin Musulmi a Sakkwato, Abdullahi Maje Karofi ke sarautar Kano, Turawa ba su ci Kano ba sai bayan shekara 45. Sunan mashigin teku ne da ke kudu da Kalaba, haka yake a taswirar Turawa tun da daɗewa, daga can kuma su Ojukwu suka aro shi. Gwamnatin Najeriya ce ta sauya wa mashigin suna a 1975 ya koma na Bonny.

Daga nan sarƙar ta fito mini sarai. Majalisar nan ce ta naɗa Ukpabio fasto a 1872, shekara goma sha tara bayan baftismarsa. Ba a yi gaggawa ba ko kaɗan, in ma ba a ce an yi nawa ba. A zamaninta aka gama Sabon Alkawari da harshen Efik a 1862, aikin Goldie, sai Tsohon Alkawari a 1868, aikin Alexander Robb. Aikin ya bi Kogin Kuros ya haura, Unwana a 1888, sannan bayan Turawa sun ci Arochukwu a 1901 zuwa 1902 aka shiga Itu da Ohafia da Abiriba, wato garin surukaina ke nan ya shigo labari. Da ikilisiyoyi suka yi yawa, a 1921 aka ɗaga ta ta zama Sinod na Biyafara. A 1945 aka kafa Cocin Firesbitariyan na Biyafara mai cin gashin kansa. A 1952 aka sauya suna zuwa na Gabashin Najeriya, a 1960 ya zama Cocin Firesbitariyan na Najeriya. Babban Taro kuwa sai 1987. Cocin ya ajiye sunan Biyafara shekara goma sha biyar kafin a harba harsashin farko.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, wanda na tsinta tsakanin layuka: majalisar tana da ikon naɗi da horo da sauraron ƙara, amma kuɗi da tura ma'aikata suna hannun Turawan mishan da kwamitinsu na Edinbura. Dattijo Efik yana da ƙuri'a a zaure, amma jaka tana ɗakin wani. An daɗe a haka.

Kwana biyun da suka rage na yi su a yawo. Na je makarantar Hope Waddell, wadda aka buɗe a 1895, na ga tsohon ginin da aka ƙera a Sikotlan aka kawo gunduwa-gunduwa cikin jirgi aka harhaɗa. Nnamdi Azikiwe ya yi karatu a nan, Akanu Ibiam ma haka, wanda daga baya ya shugabanci makarantar kafin ya zama gwamnan Jihar Gabas a 1960. A shekarar nan ta 1895 kuma Waddell da Goldie da Anderson duk suka rasu, kamar sun yi shawara. Na shiga gidan tarihi da ke tsohon gidan Razdan. Na hau kwalekwale mai inji zuwa Creek Town, ni da ban iya iyo ba, na ƙanƙame gefen jirgi ina karanta Zabura ta 23 a zuci, wata mata mai kwandon kifi tana yi mini dariya.

Na kuma hau tudun maƙabartar mishan a Duke Town, inda kabarin Slessor yake da gicciyen dutse yana kallon kogi. Ta rasu ranar 13 ga Janairu 1915. A tsaye a wurin wani abu ya faɗo mini. Matar nan da ta fi kowa suna, wadda ta zauna a Okoyong tun 1888, wadda gwamnatin Turawa ta ba ikon yin shari'a a kotu, ba ta da kujera a majalisar da nake rubuta tarihinta. Mace ce, ba a naɗa ta ba, ba ta da ƙuri'a. Sai 1982 cocin ya naɗa mace ta farko fasto, Mgbeke Okore. Na rubuta wannan a littafina na ja masa layi biyu, domin na san zumuntar mata za su so jin sa.

Na dawo gida na zauna rubutu, nan kuma malamin Hausa ya sha wuya. Me zan kira modareta? In na ce shugaba, na ba shi abin da tsarin bai ba shi ba, domin zama kawai yake jagoranta, wa'adinsa ya cika ya koma kujerarsa. Na tsaya a kan "mai jagorantar zama". Sinod na bar shi sinod. Ga naɗin fasto na ɗauki "keɓewa" da "ɗibiya hannu" yadda muka saba ji a majami'un Hausa, na kuma kawo 1 Timoti 4:14 da Titus 1:5 da Ayyukan Manzanni sura 15, domin mutanen ƙauye sun fi yarda da abin da za su iya buɗewa su gani. Wuri ɗaya na yi murmushi ni kaɗai: cocin da aka gina kan cewa babu bishop, yau mai jagorantar Babban Taronsa yana ɗauke da laƙabin Firelet, irin na manyan bishop-bishop. Na rubuta, na soke, na sake rubutawa a taƙaice.

Shafi arba'in da 'yan kai na kai wa majalisa. An raba kwafi mako biyu kafin zama, tare da fassarar Turanci don waɗanda Hausarsu ta kasuwa ce. Ranar zaman, da aka zo kan rahotona, mai jagora ya ce in gabatar. Na yi minti goma. Ina zama hannuwa suka tashi.

Na farko wani dattijo ne daga ɗaya daga cikin majami'un ƙauye, Bahaushe ɗan'uwana. Ya ce, "Baba mai jagora, ni ba na ja da Malam a kan gaskiyar abin da ya rubuta. Amma takardar nan za ta shiga ƙauyenmu. Wanda zai tsince ta ba zai karanta shekara ba, suna zai gani. Gobe a ce ga cocin 'yan Biyafara. Mu ne za mu kwana a can, ba Malam ba." Ya roƙi a cire sunan, a ce majalisar Kalaba kawai. Maganarsa ta shige ni, domin na san ƙauyen, na san kuma ba tsoron banza yake ji ba.

Sai wani dattijo Efik ya miƙe a fusace ya ce ba za a canja wa kakanninsa suna don tsoro ba. Ya ƙara da abin da ban sa a rubutun ba: su mutanen Kalaba ma ba su kwana cikin Biyafarar Ojukwu ba, sojan tarayya sun karɓi garin tun Oktoba 1967, kuma yaƙin ya raba cocin gida biyu, Efik da Ibibiyo a wannan gefe, Ohafia da Abiriba a wancan, Akanu Ibiam kuma ya tsaya da wancan gefen har ya mayar wa Ingila lambar girmar da ta ba shi. Wani dattijo Ibo ya ce to a bar maganar nan haka, kada a fama tsohon miki. Zauren ya ɗau zafi. Mai jagora ya buga tebur ya ce kowa ya yi magana ta wurinsa, ba wanda zai yi magana sau biyu sai kowa ya yi sau ɗaya.

A nan ne na ga abin da na yi wata shida ina karantawa yana aiki a kaina. Ba wanda ya isa ya ce ga yadda za a yi. Aka kawo shawara, aka kawo gyara a kan shawarar, aka kawo gyara a kan gyaran. Aka tashi cin abinci aka dawo. Wata dattijuwa, malamar firamare, ita ce ta warware: a bar sunan yadda yake, amma kafin ya fito ko sau ɗaya a sa sakin layi mai bayanin mashigin teku da shekarun nan 109, kuma kada sunan ya hau bango ko kan babi. Aka ƙirga hannuwa, ta wuce. Ɗan'uwana na ƙauye bai ɗaga hannu ba, ya nemi a rubuta cewa bai yarda ba, akawu ya rubuta. Haƙƙinsa ne a tsarin.

A kan babin 1966 kuwa ni aka kayar. Na yi shafi huɗu, aka ce a mayar da shi ɗaya. Na roƙi a bar rabin shafin nan fari da maganar benci, aka ce wannan adabi ne ba tarihi ba. Har yanzu ina ganin an yi kuskure. Abin da na samu na ceto shi ne labarin tela. Shi ma sai da wani ya ce babu shi a littafin zaman dattawa, saboda haka ba shi da shaida. Fastonmu ya ce mai shaidar tana da rai, a aika dattawa biyu su ji daga bakinta su kawo rahoto. Aka aika. Mama ta ba su labarin, ta ƙara musu da launin kwaɗon. A zama na gaba aka karanta rahotonsu aka amince, ta haka tela ya shiga littafin majalisa bayan fiye da shekara hamsin, ba tare da suna ba, domin Mama ta ce ita dai Alhaji Tela suke ce masa.

An buga ɗan littafin kafin Kirsimeti, shafi talatin da shida, bango shuɗi. Lahadin farko da na kai shi ƙauyen ɗan'uwan nan nawa, shi da kansa ya karɓi kwalin daga bayan babur ya raba. Bayan sujada wani tsoho ya tare ni a gindin darbejiya, ya buɗe shafin da ke maganar Ukpabio, ya ce, "Malam, shekara goma sha tara kafin su ba shi fasto? To mu da muka roƙi a turo mana mai bishara bara waccan, ashe ba mu ma fara jira ba." Na ce zan kai maganar majalisa. Ya ce in tabbata akawu ya rubuta.

Akwatin ƙarfen na mayar da shi da kaina, na ɗora shi kan bulo huɗu, na zuba kafur a ciki, na sa kwafi ɗaya na sabon littafin cikin ledar tare da tsofaffin. Kuɗin motata na Kalaba kuwa, an miƙa shi ga kwamitin kuɗi, kwamitin ya ce in kawo rasit. Direban da ya ɗauko ni daga Ogoja bai san wani abu wai shi rasit ba. An ɗage maganar zuwa zama na gaba.